An Tambayi Kabari Ɗaya, An Bar Ɗaya

Mai karatu, in kai Ba'are ne, haifaffen ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi, ba sai na faɗa maka abin da ake kira tarkama ba. In kuwa baƙo ne kai, to matso kusa ka ji. A Lugu, idan Sarauniya ta rasu, ba zama ake yi a yi shawarar wadda za ta gaje ta ba. Gawarta ake shiryawa, maza su saɓa ta, a fito da ita bainar jama'a. Masu al'adar sun ce gawar ce da kanta ke jan masu ɗauke da ita, har ta kai su gaban matar da za a naɗa. Haka ake yi a Bagaji, nan kusa da mu a Matankari, duk ranar da shugabansu, Baura, ya kwanta dama. Ka yarda da al'adar ko kada ka yarda, wannan tsakaninka da imaninka ne. Abu ɗaya nake so ka riƙe: tun kaka da kakanni mutanen ƙasar nan sun ɗauka cewa mamaci yana da sauran magana, kuma aikin masu rai ne su tambaye shi.

Yau ma akwai masu tambayar gawa, sai dai su a makarantar likita suka koyi sana'ar. Su ne likitocin binciken gawa, waɗanda alƙali ke kira idan mutuwa ta zo da ayar tambaya. Labarin da zan ba ka na sojoji biyu ne. Kowannensu ya mulki ƙasa, kowannensu bindigar 'yan gida ce ta kashe shi, kuma kowannensu an lulluɓe mutuwarsa da kalma mai laushi. Kabarin ɗaya an buɗe an tambaye shi. Na ɗayan yana nan ƙasarmu, a Dumega. Bari mu fara da na gida.

Ranar Juma'a 9 ga Afrilu 1999, da hantsi, shugaban ƙasa Janar Ibrahim Ba'are Mainasara ya isa ɓangaren soja na filin jirgin saman Yamai. Jirgi mai saukar ungulu na jiransa, zai kai shi Inates, can wajen iyakar Mali. Ƙasa kuwa tana tafasa. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a watan Fabrairu, a farkon Afrilu kotun ƙoli ta soke sakamakon wurare da dama, 'yan adawa suka kira jama'a su fito kan titi. In da wanda Ba'are ke tsoro a ranar, sai dai waɗanda ke waje. Bai kai ga hawa jirgin ba.

Wutar daga masu tsaronsa ta fito. Da ɗan gari akan ci gari. Bindigar da aka yi aikin da ita babba ce mai sarrafa kanta, irin wadda ake girkawa a bayan mota, wadda aka ƙera don fasa ƙarfe. Ya faɗi a nan take, wasu daga cikin na tare da shi ma suka rasa rayukansu. Kafin rana ta faɗi, Firaminista Ibrahim Assane Mayaki ya yi wa ƙasa jawabi a rediyo, ya ce shugaban ya rasu sakamakon wani mummunan tsautsayi. Bayan kwana biyu, Manjo Dauda Malam Wanke, kwamandan rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa, ya zama shugaban ƙasa. Aka kai Ba'are Dumega aka binne.

Ka dubi kalmar da aka zaɓa. Mu mutane ne da in aka ce mana tsautsayi, sai mu sunkuyar da kai mu ce Allah ya jiƙan rai, kwana ya ƙare. Tawakkalinmu ne, kuma abin alfahari ne. Amma wanda ya san halinmu ya san cewa da wannan kalma ɗaya yana iya toshe bakin ƙasa guda. To, kai mai karatu, da kai ne ɗan'uwan mamacin, kana zaune a zaman makoki, masu gaisuwa na shigowa suna cewa sai haƙuri, tsautsayi ba a sa masa rana, me za ka amsa musu?

Ga abin da likitan binciken gawa ke yi in alƙali ya tambaye shi ko tsautsayi ne ko ganganci. Da farko zai ƙirga raunukan, ya auna kowanne, ya ɗauki hotonsa. Inda harsashi ya shiga yakan bar ƙaramin rami mai ɗan zoben ƙujewar fata a bakinsa, inda ya fita kuwa sau da yawa yakan yaga nama ya buɗa. Ta nan ake gane ta gaba aka harbi mutum ko ta baya. Sannan ya bi hanyar kowane harsashi a cikin jiki: daga sama ya gangaro ko daga ƙasa ya hau, daga gefe ɗaya suka fito ko daga wurare daban-daban. In bakin bindiga na kusa da jiki, ƙuna da baƙin albarushi sukan zauna a fata da tufa. Harsashin da aka ciro kuma yana ɗauke da zanen cikin bututun bindigar da ta harba shi, kamar yadda kowane yatsa ke da nasa zane. Sai masanin makamai ya gwada shi da bindigogin da ke wurin, a duba littafin rumbun makamai a ga wa ya karɓi wace. Bindigar da ta kuɓuce wa mai ita tana da irin sawun da take bari. Wadda aka saita aka danne kunamarta, ita ma da nata.

Babu wata kotun Nijar da ta taɓa zama ta saurari amsoshin waɗannan tambayoyi. Me ya hana?

Ranar 18 ga Yuli 1999 aka yi ƙuri'ar raba gardama a kan sabon tsarin mulki. A cikinsa akwai ayar doka da ta yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 9 ga Afrilu 1999. Amma ba su kaɗai ba. Ayar nan ɗaya ta haɗa har da masu juyin mulkin 27 ga Janairu 1996, wato wanda Ba'are da kansa ya yi ya kifar da Mahaman Usman. Mayafi ɗaya aka shimfiɗa a kan wanda aka kashe da waɗanda suka kashe shi. Ba na zo in wanke Ba'are ba ne. Da bindiga ya hau, kuma a zaɓen Yuli 1996 ana cikin ƙirga ƙuri'u ya rusa hukumar zaɓe. Amma laifin mutum a mulki ba ya halatta jininsa a filin jirgi, ba ya kuma hana 'ya'yansa haƙƙin sanin wanda ya mayar da su marayu. Iyalinsa suka kai ƙara, aka nuna musu afuwa. Ƙungiyar Amnesty International ta nemi a yi bincike mai zaman kansa, ba a yi ba. Wanke ya miƙa mulki ga Tanja Mamadu a Disamba 1999, ya rasu a 2004 da abin da ya sani a cikinsa.

Bar wannan nan, mu koma baya da shekara 12, mu tsallaka iyaka.

Alhamis ce, 15 ga Oktoba 1987, da la'asar. Kyaftin Thomas Sankara, shugaban Burkina Faso, ɗan shekara 37, yana taro da muƙarrabansa a harabar Conseil de l'Entente a Wagadugu. Ranar motsa jiki ce ta ma'aikata, don haka jajayen kayan wasanni ne a jikinsa. Ka riƙe wannan jan tufa, za mu sake haɗuwa da shi. Sai aka ji harbi a waje. Alouna Traoré, wanda shi kaɗai ya tsira a cikin 'yan taron, ya sha faɗa cewa Sankara ya ce musu su zauna, shi ake nema, sannan ya fita hannuwansa a sama. Aka kashe shi da mutum 12. Cikin dare aka kwaso fursunoni suka haƙa ramuka a maƙabartar Dagnoen, aka turbuɗe su da tufafin jikinsu. Amininsa Blaise Compaoré ya hau kujera. Ɓangaren waɗanda suka hau suka yaɗa nasu labarin: wai kama shi aka je yi, shi ya fara harbi.

Magana biyu ke nan. Mutum ɗaya tilo ya ce hannu a sama, masu mulki da bindiga suka ce shi ya fara. Wa zai raba gardama?

Bayan 'yan watanni matarsa Mariam ta buƙaci takardar shaidar mutuwa, don ba a taɓa komai na gado ko na makarantar yara sai da ita. Takardar ta fito daga hannun wani likitan soja, Alidou Diébré. A gurbin dalilin mutuwa ya rubuta kalmomin Faransanci biyu waɗanda ma'anarsu a bakinmu ita ce mutuwar Allah da Annabi. Mutumin da duk Wagadugu ta ji ƙarar harbinsa, a takarda ya zama kamar tsohon da ya cika a kan tabarmarsa. Bayan shekara 34, a gaban kotu, likitan ya amsa cewa bai ga gawar ba, ya ce don ya taimaki uwar marayu ya yi. Wani likitan sojan, Hamado Kafando, shi kuma a takardar ɗaya daga cikin waɗanda aka kashe tare da Sankara, haɗari ya rubuta.

Tsaya nan, mai karatu, kada ka yi saurin tsine musu. Sa kanka a kujerar likitan. Kakin soja ne a jikinka, waɗanda suka yi kisan su ne shugabanninka, kana da mata da 'ya'ya a gida. Ga mace mai takaba a gabanka tana jiran takarda. In ka rubuta harbi, wataƙila gobe wani ne zai rubuta taka. In ka ce ba ka sa hannu sai ka ga gawa, ta koma hannu rabbana. In ka rubuta ƙarya, ta sami takarda, kai ka kwana lafiya. Wanne za ka ɗauka? Ni dai na san tsoro, kuma ba na cika baki. Amma dokar farko ta wannan sana'a ita ce likita ba ya rubuta dalilin mutuwar da bai gani da idonsa ba. Alƙalamin nan da ya karkace sau ɗaya ya zama garkuwar masu kisa har kusan shekara talatin.

Mariam ba ta haƙura ba. A 1997 ta shigar da ƙara. Aka yi ta jefa ta daga wannan kotu zuwa waccan. A 2006 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce Burkina Faso ta tauye haƙƙin iyalin da ta ƙi yin bincike. Ko gezau. Sai ƙarshen Oktoba 2014, lokacin da Compaoré ya nemi gyara tsarin mulki don ya zarce, jama'a suka fito suka cinna wa majalisa wuta, ya tsere zuwa Kodebuwa. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Michel Kafando ta ba da izinin abin da aka hana shekara 27: a tone kaburburan Dagnoen.

Ranar 25 ga Mayu 2015 aka fara. Jama'a suka yi dafifi a bakin maƙabarta, jandarmomi suka tare su. A ciki akwai alƙalin soja mai bincike, da lauyoyi, da dangi, da likitoci uku: Farfesa Robert Soudré da Dakta Norbert Ramdé 'yan ƙasa, da Farfesa Alain Miras daga Faransa. Irin wannan tono ba na gaggawa ba ne. Da an kusa kai ga mamaci sai a ajiye manyan kayan haƙa, a koma sharar ƙasa kaɗan-kaɗan. Duk ƙasar da aka kwasa sai an tankaɗe ta da rariya, don haƙori ɗaya, maɓalli ɗaya, ɓarɓashin harsashi ɗaya na iya zama shaidar da shari'a za ta rataya a kanta. Washegari aka kai ga kabarin da ake cewa na Sankara ne. Zurfinsa bai kai rabin mita ba. Ga ƙasusuwa. Ga kuma ƙyallayen tufa, ja.

Ka ce me ƙashi zai faɗa bayan shekara 27 a ƙasa? Nama yana ruɓewa cikin makonni, amma ƙashi yana riƙe amana. Likita zai wanke su, ya jera su a kan tebur kowane a mazauninsa, daga ƙoƙon kai har 'yan yatsun ƙafa. Daga ƙashin ƙugu ya gane namiji ne ko mace, daga ƙashin cinya ya kimanta tsawo, daga haƙora da gaɓoɓi ya kimanta shekaru. Harsashi in ya huda ƙashi mai faɗi, ramin yakan fi faɗi ta gefen da ya fita, kamar bakin mazurari, don haka ƙashin da kansa yana nuna inda maharbi ya tsaya. Karayar da aka yi wa ɗanyen ƙashi daban take da wadda nauyin ƙasa ya yi wa busasshe. Tufa kuma, musamman mai haɗin roba, yakan daɗe fiye da mai shi. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurin wanda ya yi karatun allo. A ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, ai da riga aka raba gardama: ta gaba ta yage ko ta baya?

Ranar 13 ga Oktoba 2015 aka karanta wa iyalai sakamakon. Lauyan iyalin Sankara, Ambroise Farama, ya fito ya shaida wa 'yan jarida cewa an sami tabon harsashi fiye da goma. Sannan ya faɗi abin da ya sa tsigar jikin mutane tashi: har a ƙarƙashin hammata akwai.

Ɗaga hannunka, mai karatu, ka duba. Yanzu sauke shi. Ta yaya harsashi zai sami ƙarƙashin hammatar mutumin da hannunsa ke sauke? Lauyan ya ce alama ce ta cewa hannuwansa na sama. Shekara 28 Alouna Traoré yana faɗin wannan magana shi kaɗai, wasu na yi masa kallon wanda firgici ya taɓa. Ashe shaidarsa na biyu yana kwance a Dagnoen, yana jiran a tambaye shi.

Ba komai ne ilimin ya iya ba, kuma wannan ma darasi ne. An aika samfuri zuwa Marseille a Faransa don gwajin ƙwayoyin halitta, daga baya aka sake gwadawa a Sifen, duk ba a sami abin da za a karanta ba. Zafin ƙasarmu da damina bayan damina sun cinye shi. Da an yi aikin a makon da abin ya faru, da ba a sha wannan wahala ba. Duk da haka abin da ya rage ya isa. Aka buɗe shari'a a kotun soja ranar 11 ga Oktoba 2021. Farfesa Soudré ya tsaya ya ce aƙalla harsashi bakwai ne suka sami ƙirjin Sankara, ɗaya ta baya aka harbo shi. Masanin makamai na 'yan sanda, Moussa Millogo, ya nuna ƙunar da ke jikin ƙyallayen, ya ce ta irin harsashin nan ce mai tafiya da wuta. Ranar 6 ga Afrilu 2022 aka yanke wa Compaoré da wani soja mai suna Hyacinthe Kafando, a bayan idonsu, da Janar Gilbert Diendéré da ke gaban kotun, ɗaurin rai da rai. Likitocin nan biyu masu takardun shaidar mutuwa kuwa, Diébré da Hamado Kafando, aka sallame su, don wa'adin da doka ta ba a hukunta irin laifinsu ya wuce. A Fabrairu 2023 aka sake binne Sankara da mutanensa a inda suka faɗi.

Yanzu dawo da ni watan Oktoba 2015, don a nan labaran biyu suka haɗu. Kwana goma kacal bayan an karanta sakamakon Dagnoen, ranar 23 ga wata, kotun CEDEAO, wadda 'yan Najeriya ke kira ECOWAS, ta yanke hukunci a ƙarar da iyalin Ba'are suka kai ƙasar Nijar. Uwargidansa Clémence Aïssa Baré, wadda ita kanta likita ce, da 'ya'yansa da 'yan'uwansa sun yi shekara 16 suna buga ƙofa. Kotun ta ce an tauye haƙƙin rayuwarsa, an kuma tauye haƙƙin iyalinsa na samun shari'a. Ta umarci gwamnati ta biya sefa miliyan 435: miliyan 75 ga matarsa, 50 ga kowane ɗaya cikin 'ya'yansa biyar, 10 ga kowane ɗaya cikin 'yan'uwansa goma sha ɗaya.

Wata ɗaya, iyali biyu. Na Wagadugu aka ba su ƙirgen harsasai da hanyar da kowanne ya bi, abin da ya kai su har ga sunayen masu laifi. Na Yamai aka ba su ƙirgen kuɗi. Da kai ne, mai karatu, aka ajiye maka biyun nan aka ce ɗauki ɗaya, wanne hannunka zai kai wa?

Kada ka ce wannan maganar manya ce, ta shugabanni da janar-janar. Sau nawa a ƙauyukanmu aka tsamo mutum daga rijiya aka ce santsi ne? Sau nawa amarya ta kwana lafiya ta wayi gari gawa aka ce iska ce, yaro ya sha wani jiƙo ya sanƙare aka ce mayu ne? Mu yi wanka, mu sa likkafani, kafin azahar an dawo daga maƙabarta, wanda ya yi aika-aikar wataƙila yana sahun gaba a sallar jana'iza. Wani lokacin ma akasin haka ke faruwa: ciwon zuciya ne ko saran maciji, amma a ɗora wa wata tsohuwa marar gata, ta ƙare rayuwarta ana nuna ta da baki. Binciken gawa yana kama mai laifi, yana kuma wanke wanda aka yi wa ƙazafi.

Na san abin da ke riƙe mu. Gaggauta jana'iza sunna ce, kuma babu mai son a sa wa nasa wuƙa. Ni ma zuciyata ba ta so. Amma malamai sun riga sun duba wannan mas'ala. Majalisar manyan malaman Saudiyya a 1976, da majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 1987, shekarar da aka kashe Sankara, duk sun halatta binciken gawa idan alƙali na bukatarsa don gano gaskiyar kisa, ko don gane cutar da za ta iya yaɗuwa, tare da kiyaye mutuncin mamaci a kuma binne shi bayan an gama. Sau da yawa ma abin da likita ke bukata sa'o'i kaɗan ne: ya duba wuya, ya duba farce da idanu, ya ɗebi jini da abin da ke cikin tumbi.

Ku 'ya'yan Arewa da ke karatun likita a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko a Maradi da Damagaram, na san kowa fiɗa yake so ko haihuwa ko ciwon yara. Wani a cikinku ya ɗauki wannan fanni. Babu marar lafiyar da zai warke ya kawo maka goron godiya, kuma wata rana mai kaki ko mai rawani zai tsaya a kanka yana faɗa maka abin da za ka rubuta. Ranar nan ka tuna da takardar Wagadugu.

Ban ce a je a tone kabarin Dumega ba. Wannan maganar iyalinsa ce da alƙali. Abin da na ce shi ne kowace damina ta wuce tana cin wani abu daga ƙasa, kowace shekara kuma tana ɗauke wani daga cikin waɗanda suka tsaya a filin jirgin nan ranar Juma'ar. In hanya ta bi da kai Dumega, mai karatu, ka tsaya ka yi masa addu'a. Tun 9 ga Afrilu 1999 har yau, babu mutum ɗaya da ya tsaya gaban alƙali a kan jinin Ibrahim Ba'are Mainasara.